Najashi haramun ne, ko a kasuwar dabbobi ko a intanet

A 2010 Masar da Saudiyya suka samu cikakken adireshin intanet da baƙaƙen Larabci, yau kuma ana gwanjon irin waɗannan sunaye. Shi gwanjo halal ne. Abin da nake yaƙa shi ne najashi: mai sunan ya sa abokinsa ya yi ta ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi mai saye na gaskiya. Imam Malik ya kawo haninsa a Muwaɗɗa. Masu cewa "ai intanet ce" su ji tsoron Allah! Da me suka bambanta da dillalin da ke yin haka kan rago a kasuwar Matameye? A mazhabarmu, wanda aka cuta yana da zaɓin warware cinikin.