Minshari da ɗaukewar numfashi a barci: shin takunkumin yadi zai iya maye gurbin na roba?

Tun daga watan Yunin 2023 da gwamnatin tarayya ta saki farashin naira, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a cikin 2024, duk wani kayan asibiti da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Cikin waɗanda abin ya fi shafa ba tare da an ji kukansu ba akwai masu kwana da na'urar CPAP saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci. Na'urar sau ɗaya ake sayenta, amma takunkumin da ake ɗorawa a hanci yakan mutu cikin watanni. Wannan ya sa mai irin wannan lalura a Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi yake tambaya: tunda akwai takunkumin yadi a kasuwannin Turai da Amurka, kuma teloli sun ɗinka mana takunkumi lokacin korona, me zai hana a ɗinka wannan ma a gida?

Tambayar ba ta wauta ba ce, amma sai an san aikin da takunkumin yake yi kafin a amsa ta.

A wajen wasu mutane, idan barci ya yi nauyi naman maƙogwaro yakan saki har ya toshe hanyar iska. Numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum, ya ja numfashi da ƙarfi ya koma barci bai ma san ya farka ba. Idan hakan na faruwa sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya, cutar ba ta yi tsanani ba. Idan ya haura 30, ta yi tsanani. Yawanci matar mutum ce take fara lura, domin ita ce take jin minsharin ya yanke tsit, sai can ya dawo kamar an shaƙe shi. Da safe ya tashi da ciwon kai, da rana ya yi ta gyangyaɗi. Cutar na da alaƙa da hawan jinin da ya ƙi jin magani, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga. Ga direban da ya ɗauko raken Makarfi ko tumatirin Ikara zai yi doguwar tafiyar dare, gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya isa. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da cutar a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. A yi hattara, cire beli a wajen wanzami ba ya maganinta.

Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar CPAP a 1981. Na'urar tana hura iskar ɗaki ta cikin bututu da ɗan matsi, matsin ya riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Saboda haka maganin duk yana cikin matsin nan ne. Idan iska na zurarewa ta gefen takunkumi fiye da yadda na'urar za ta iya cikewa, matsin ba zai kai maƙogwaro ba, mutum zai kwana da na'ura a kunne numfashinsa na ci gaba da ɗaukewa. Ga iskar da ke busa ido, ga ƙara mai hana na kusa da shi barci. Da yawa daga cikin waɗanda suka ajiye na'urarsu a ƙarƙashin gado, takunkumi ne ya kore su.

Takunkumin da aka fi sani na roba ne mai taushi, wato silikon. A ɗaki mai sanyi yana kama fuska sosai. A ɗakin kwano kuwa cikin watan Afirilu, gumi ne zai shiga tsakaninsa da fata ya riƙa zamewa, mai shi ya ƙara ɗaure maɗauri, karan hanci ya yi ja, wani lokaci har da gyambo. A nan ne na yadi yake da amfani. Irin wanda kamfanin Circadiance na Amurka ya yi da sunan SleepWeaver ba shi da tauri ko kaɗan. Lallausan yadi ne da iskar na'urar ke kumburawa kamar balan-balan, kumburin ne ke manna shi da fuska. Ba ya danne karan hanci, ba ya tara gumi kamar roba, kuma ana iya kwanciya ta gefe da shi.

Sai dai wanda ya saba da na roba yakan yi kuskure ɗaya idan ya koma na yadi, wato ɗaurewa tamau. Idan aka matse shi ba zai samu sararin kumbura ba, sai ya yi lanƙwasa, iska ta bi ta lanƙwasar ta fita. Abin da ya fi shi ne a saka shi sako-sako, a kunna na'urar, a kwanta yadda aka saba kwanciya, sannan a riƙa jan maɗauri kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai, har zurarewar ta tsaya. Idan ta ƙi tsayawa, a ɗaga shi daga fuska ya cika da iska a sake ajiye shi. Gyaran da aka yi a zaune gaban madubi yakan warware da zarar an kwanta, domin fuska na sauya siffa a kan matashi. Kuma gaskiya ita ce ba kowa yake karɓa ba. Ana saita matsin na'urar tsakanin 4 zuwa 20, kuma wanda nasa ke can sama ya fi shan wahalar samun kamu mai kyau da yadi.

Yanayinmu ma na da nasa. Da hunturu kowa na shafa man kaɗanya ko basilin kafin ya kwanta; mai a fuska na hana kowane irin takunkumi kamawa, basilin kuma na lalata roba. A wanke fuska a bar ta ta bushe, a bar shafa mai sai da safe. Ƙurar hunturu na toshe hanci, mai barci ya buɗe baki, iskar ta shiga ta hanci ta fice ta baki. Wanda ke tashi da busasshen baki ya sani ba gefen takunkumi ne matsalarsa ba. Yana buƙatar maganin toshewar hanci, ko maɗaurin haɓa, ko takunkumi mai rufe baki da hanci. Masu gemu sun fi samun sauƙi da na hanci kaɗai, musamman da yake yawancin dattawanmu na rage gashin baki, wurin da takunkumin ke zama ke nan. Wanki kuwa da hannu ake yi, da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa.

To, batun tela fa? Amsarmu a'a ce, kuma ba don raina sana'ar ba. Atamfa da shadda iska na ratsa su, ba za su riƙe matsi ba. Abu mafi haɗari shi ne, kowane takunkumin CPAP yana da wasu ƙananan huda da aka auna don fitar da iskar da mutum ya numfasar. Idan babu su, ko wani ya ga iska na fita ya liƙe su da salatif yana zaton ɓarna ce, mai barci zai riƙa sake shaƙar gurɓatacciyar iskarsa. Abin da tela zai iya yi shi ne ɗan siririn ƙyalle na auduga da ake shimfiɗawa tsakanin fata da takunkumin roba don tsotse gumi, da murfin maɗauri don kada ya ci kumatu. Ko da shi ma, a duba lambar zurarewar iska da na'urar ke nunawa da safe. Idan ta ƙaru, a cire.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin janye haraji daga injuna da ɗanyen kayan da ake buƙata don ƙera magunguna da kayan asibiti a cikin gida, har da yadudduka na aikin lafiya. Ga jihar da masaƙar Kaduna ta fara aiki a cikinta tun 1957, da masaƙun suna raye da wannan dama ce. Amma umarnin masu masana'anta yake taimakawa, ba marar lafiyar da ke neman takunkumi a wannan watan ba. A ganinmu abin da ya fi kusa shi ne hukumomin inshorar lafiya, ta tarayya da ta jiha wato KADCHMA, su ɗauki takunkumi a matsayin kayan da ake sabuntawa kamar maganin hawan jini, sannan a koyar da ma'aikatan manyan asibitocin Ikara da Makarfi da Hunƙuyi yadda ake gwada shi a fuska, don kada ƙaramin gyara ya sa mutum tafiya asibitin koyarwa na Shika.

Tsadar ta kuma tura mutane sayen na'urorin gwanjo, kuma nan akwai abin lura. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da samfurin farko na DreamStation da System One, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu na iya rugurgujewa mai barci ya shaƙa, zafi da laima kuma na gaggauta hakan. Duk wanda aka kawo wa irinta ya nuna wa likita lambarta kafin ya fara kwana da ita, kuma a saita masa matsin nasa, kada ya bar na tsohon mai ita.

Wuta ma ba a bar ta a baya ba. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu. Idan wuta ta ɗauke, wanda ke sanye da takunkumi ya cire shi ya kwanta ta gefe, kada ya yi rigingine. Na'urar ba ta cin wuta sosai idan aka kashe ɓangaren ɗumama ruwa, ƙaramar sola da batir mai kyau kan iya riƙe ta har asuba, don haka a sa kuɗinsu cikin lissafi tun ranar da za a saye ta.