Gwajin kansar hanji a unguwanni: ina za a tura waɗanda aka samu da jini?

Shekara biyu kawuna ya yi yana shan jiƙon basir. Duk mai maganin da ya ratsa kasuwa da lasifika sai ya tsayar da shi ya saya. Ranar da muka kai shi Yamai aka leƙa hanjinsa da na'ura, likita ya ce kansa ce, kuma ta riga ta kama hanta. Bai ƙara wata biyar ba, Allah ya jiƙansa.

Tun lokacin nake bin duk wani labari da ya shafi wannan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kansar babban hanji ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji, ta biyu kuma wajen kisa. A 2020 kaɗai ta kashe mutum sama da 900,000. Abin takaicin, cuta ce mai ba da lokaci. Yawanci da ɗan tsiro take farawa a jikin hanji, wanda kan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe. In an gan shi da wuri, cire shi kawai ake yi.

Shi ya sa wasu ƙasashe ba sa jiran mutum ya zo asibiti. A Faransa, duk mai shekara 50 zuwa 74 ana gayyatarsa bayan kowace shekara biyu ya yi gwajin FIT: ɗan bayan gida kaɗan a ƙaramar kwalba, a duba ko akwai jinin da ido ba ya gani. Kuma abin yana aiki. A arewacin Kaliforniya ta Amurka, tsarin asibitocin Kaiser Permanente ya riƙa aika wa mutanensa kwalbar har gida. Tsakanin 2000 da 2015, masu yin gwaji suka tashi daga kusan kashi 39 cikin ɗari zuwa kusan 83, mace-mace suka ragu da fiye da rabi.

To mu fa? Da ma ana cewa mutanenmu kunya ba za ta bar su su miƙa kashinsu ga baƙo ba. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya rushe wannan zance. An raba kwalaben ga mutum sama da 2,000 a jihohin Osun, Kwara da Legas na Najeriya, kusan tara cikin goma suka mayar. Matsalar a gaba take. Kusan ɗaya cikin biyar an ga jini a nasu, amma da aka leƙa hanjin waɗanda suka dawo, kansa ƙalilan ce. Basir ne ya fi yawa.

A nan nake saɓawa da masu son a fara raba kwalabe gobe. Gwajin ba ya cewa kana da kansa, cewa yake je a leƙa ka. In ka gwada mutum 10,000 a Maraɗi ko Damagaram, wataƙila 2,000 ne za su buƙaci na'urar leƙa hanji. Na'ura nawa gare mu, likita nawa, kuma wa zai biya? Ka gaya wa manomi an ga jini sannan ka bar shi da fargaba, ka ƙara wa mai lasifika ciniki ne kawai. Ga zafinmu, wanda ke lalata samfurin in ya daɗe a hanya.

A ganina a fara da waɗanda jikinsu ya riga ya yi magana. Masu bi gida-gida suna raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓi da damina sun san kowane gida. A koya musu tambayoyi kaɗan ga duk wanda ya haura 45: kana ganin jini? Bayan gidanka ya canza? Kana ramewa ba dalili? Akwai wanda ya yi cutar a danginku? Wanda ya amsa da e, a ba shi takarda mai ɗauke da rana da asibitin da za a duba shi, a kuma samu wanda zai kira shi in bai je ba.