Sarki Goma, Zamani Goma a Filin Ƙwallo

Jama'a, a wannan mako muna so mu jawo hankalinku ga wata ɓarnar dukiya da aka yi a ƙasar Ingila, a kulob ɗin Manchester United, wanda da yawa daga cikinku ku ke goyon bayansa. Duk wanda ya taɓa riƙe rumfa a kasuwa zai gane maganar tun ba mu kai ƙarshenta ba.

Alex Ferguson ya zama mai koyar da 'yan wasan kulob ɗin, watau koci, tun daga 1986 har 2013, ya ci kofin Firimiya sau 13. Daga saukarsa zuwa ƙarshen 2024 an naɗa Moyes, da Van Gaal, da Mourinho, da Solskjaer, da Ten Hag, da Amorim, ban da masu riƙon ƙwarya. Kowa ya zo sai ya dubi 'yan wasan da ya tarar, ya ce waɗannan ba nasa ba ne.

To, ga lissafi. Van Gaal ya sayo Di Maria a 2014 kan kusan fam miliyan 60, shekara ɗaya tak aka sayar da shi a Faransa da asarar wajen miliyan 15. A 2015 ya kawo Schweinsteiger da Depay. Da Mourinho ya zo a 2016 sai ya tura Schweinsteiger, kyaftin ɗin Jamus guda, ya yi ta motsa jiki tare da yara, Depay kuwa aka sayar da shi ga Lyon. Mourinho ya sayo Pogba kan fam miliyan 89, da Lukaku kan miliyan 75. Solskjaer na zuwa aka sayar da Lukaku a Italiya a 2019, Pogba kuma ya tafi a 2022 ba a karɓi ko sisi a kansa ba. Ten Hag ya ɗebo yaransa da ya koyar a Ajax ta ƙasar Holan, cikinsu har da Antony, wanda aka biya fiye da fam miliyan 80 dominsa. Amorim na kama aiki aka ba da Antony aro ga Real Betis, a 2025 aka sayar musu da shi, kuɗin bai kai sulusin abin da aka saye shi ba.

Me ke kawo haka? Na farko, kowane koci da irin tsarin wasansa. Amorim yakan jera mutum uku a baya, tsarin kuwa ba shi da wurin 'yan gefe irin waɗanda Ten Hag ya tara. Na biyu, koci ya san kwanansa kaɗan ne in bai ci wasa ba, saboda haka ba ya haƙurin gyara yaron wani, ya fi so a sayo masa wanda ya sani. Sa'an nan in kasuwa ta ji kana neman rabuwa da kaya ido rufe, kowa ya san irin tayin da za a yi maka.

Kada ku ce kayan ne ba su da kyau. Lukakun nan da aka ce bai dace ba, shi ya ci wa Inter Milan ƙwallaye har ta ɗauki kofin gasar lig ta Italiya a 2021.

Wasu za su ce ai dole a ba ma'aikaci kayan aikin da ya saba da su. Gaskiya ne. Amma wane mai rumfa ne zai riƙa sake yaron shago kowace shekara biyu, wannan ya cika rumfa da atamfa, na bayansa ya karyar da ita ya saro takalma, na uku ya ce shi tasoshi ya iya sayarwa? In jari ya karye, wa za a tuhuma? Mu dai a ganinmu laifin na masu kulob ne. A watan Yuli na 2024 suka ƙara wa Ten Hag wa'adi, suka sayo masa sababbin 'yan wasa, a watan Oktoba suka kore shi, suka biya shi da mataimakansa fiye da fam miliyan 10 kuɗin sallama. Sa'an nan suka ɗauko mai wani tsari dabam, alhali kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kulob ɗin ya ƙare kakar a matsayi na 15.

Wa ya biya wannan ɓarna? A 2024 an sallami ƙananan ma'aikata wajen 250 da sunan tsimin kuɗi. A ƙarshen shekarar aka mai da kuɗin tikitin da ya rage fam 66, ba ragi ga yaro, ba ragi ga tsoho. Manya sun yi ɓarna, an cire a aljihun ƙanana.

Akwai wata hanya kuwa. Kulob ɗin Brighton shi ke zaɓen irin wasan da ya ke so da irin 'yan wasan da zai saya, kana ya nemo kocin da ya dace da su. Da Chelsea ta ɗauke musu Potter a 2022, suka kawo De Zerbi, ba a watsar da kowa ba, suka ƙare a na 6, suka shiga gasar Turai karo na farko a tarihinsu. Caicedo da suka saya ƙasa da fam miliyan 5, a 2023 sun sayar da shi kan wajen miliyan 115. Wannan shi ne kasuwanci.

Saboda haka, 'yan'uwa, ran da kuka ji an naɗa sabon koci a kulob ɗinku, kada ku yi saurin tafi. Ku tambaya tukuna: 'yan wasa nawa za a watsar dominsa, nawa aka saye su, kuma wane ne ya sa hannu a cinikin? Wanda ya sa hannun nan shi ya kamata a fara tambaya in kaya suka kwanta. Allah ya sa masu riƙe da dukiyar jama'a su ji, amin.