Yaran ajin gadar karatu: bayan sun dawo lakwal, wa zai riƙe su har koleji?

A ƙauyuka da dama na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa mun san ajin da ake kira passerelle, wato ajin gadar karatu. Ana karɓar yara masu shekara 8 zuwa 12 waɗanda ba su taɓa shiga lakwal ba, ko suka fita tun da wuri, a koyar da su wata 9. Wata 2 na farko da harshen gida ake yi, sannan a koma Faransanci, daga nan a zuba su cikin lakwal ta gwamnati. Tsarin ya faro ne a ƙasar Mali a 2004 kafin ya iso Nijar, kuma ya maido da yaran da aka riga aka cire rai da karatunsu.

To amma ina suke ƙarewa? Nan ne gizo ke saƙar.

Muddin yaro na firamare, yana kwana gidan ubansa, yana cin tuwon uwarsa. Da ya gama CM2 sai lissafi ya canza. Koleji ba ta cikin kowane ƙauye. Dole ya tafi babban garin gunduma, a nema masa mai masauki, a aika hatsi, a sayi kaye da bik da tufafi, shekara 4 kafin BEPC. Ɗan gadar karatu kuwa ya girmi ƴan ajinsa, ya kai ƙarfin noma da tafiya bida. Idan ɗiya mace ce, masu neman aure sun fara sallama. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18.

Bursar da kowa ya sani, wadda ɗalibai ke jira daga hukumar ANAB, tana zuwa ne bayan BAC, ga wanda ya shiga jami'a irin Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko Abdou Moumouni ta Yamai. Tsakanin CM2 da BAC shekara 7 ne. Ɗan talakan da ya makara wajen shiga lakwal yakan faɗi tun a ta farko ko ta biyu, bursar ba ta ma san da shi ba.

An yi ƙoƙari, ba mu musu. Dokar watan Disamban 2017 ta tanadi kariya ga ɗiya mace mai karatu. An buɗe gidajen kwana na ƴan mata, kamar na Kelle a yankin Gure. Shirin SWEDD na Bankin Duniya ya tallafa wa ƴan mata domin su zauna a koleji. Sai dai yawancin irin wannan taimako kuɗin waje ne, kuma mun ga yadda wasu masu bayarwa suka dakata bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023. Shiri yana da ranar ƙarewa, karatun yaro kuwa ba ya jira.

Shi ya sa muke ganin ya kamata tallafi ya fara daga ajin 6e, ya bi yaro har BEPC ko cibiyar koyon sana'a ta CFM, kuma a sa yaran gadar karatu sahun gaba. Abin da ake buƙata ba boyayye ba ne: abinci, wurin kwana mai aminci, kayan karatu, da babba guda da zai riƙa leƙa yaron.

Ƴan uwa na Legas, Abijan, Kumasi, Libiya da Aljeriya, ku ma da ku ake. Kuna haɗa kuɗi ku gina masallaci, ku gyara rijiya, Allah ya saka. Ku ƙara asusun karatu a kai. A damƙa shi hannun kwamitin lakwal da ƙungiyar uwaye mata, a rubuta sunayen yara, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata 3, a riƙa turo muku sakamakon jarrabawa ta WhatsApp. Magadan gari su ma su ware wani abu cikin kasafin gunduma.

Kafin komawa lakwal a watan Oktoba, kowane gari ya tambayi mushen CM2: yara nawa suka samu koleji bana, kuma nawa ne ba su da inda za su sauka?