Sanyin Tayirod Da Ƙarancin Bitamin: Kada A Ajiye Ƙwayar Asibiti



A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. In ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Amma tana iya yin sanyin aiki ba tare da ta kumbura ba. Sai ka ga mace kullum a gajiye, ana zafi tana jin ɗari, gashi na zuba, ciki ya ɗaure, ga ƙiba ba wani cin kirki. Nan da nan dangi su ce sammu ne.

Gaskiya ne, da yawa daga masu wannan ciwo in aka auna jininsu ana samun bitamin D ko B12 ya yi ƙasa. Akwai nau'in da ake kira Hashimoto, inda garkuwar jiki ke kai wa tayirod hari, kuma irin wannan harin kan taɓa tumbi har ya hana jiki zuƙar B12. Shi kuma rashin B12 yana kawo kasala da mantuwa da jin kamar ana soka allura a ƙafa. To ka ga alamun sun cakuɗe, ido ba ya raba su. Gwajin jini na TSH ne ke rabawa.

Inda na saɓa da wasu abokan sana'ata shi ne cewa da suke yi bitamin da habbatus sauda sun isa. Wallahi ba su isa ba. Bitamin yana cike giɓinsa ne kawai, ba ya zama sinadarin da tayirod ta kasa samarwa. Wanda likita ya ɗora a kan levothyroxine kada ya ajiye, balle mai juna biyu, don ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki na buƙatarsa.

A ci hanta, ƙwai, kifi da nono saboda B12. Matan da ba sa fita su riƙa shan hantsi a tsakar gida saboda bitamin D. A sayi gishiri mai aidin, a kuma rufe shi.

Ƙwayar kuwa da safe ake shan ta da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Mai shan ƙwayar ƙarin jini ko ta kalsiyam ya bar awa 4 a tsakaninsu, in ba haka ba su hana ta shiga jiki.