Buhun da Ya Sauka a Iddo, da Ƙarfin Gonarka Ya Tafi

Ya kai ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, idan Allah ya kai ka Legas, ka leƙa kasuwar Iddo da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Za ka tarar da 'yan'uwanmu suna ta sauke buhunan wake da masara da gero da dawa daga manyan motoci. Tun 1912 da aka buɗe layin dogo tsakanin Legas da Kano amfanin gonar Arewa yake gangarowa nan, ga kuma shanun da ake kaiwa mayankar Oko-Oba a Agege. Wannan kasuwa arziki ce, kuma muna fatan ta ɗore. Sai dai akwai lissafin da ba mu cika yi ba: kowane buhu da ya sauka a Iddo, da wani kaso na abincin ƙasar gonarka ya tafi, kuma ba zai komo da kansa ba.

Ga misali. Tan ɗaya na ƙwayar masara, wato buhu 10, yana ɗauke da kimanin kilo 15 na sinadarin naitirojin, ban da fosfaras da fotashiyam. Ke nan tirela guda mai buhu 300 ta kwashe naitirojin da ya kai na buhu 20 na takin yuriya. Idan kuma aka kwashe kara da harawa, aka ƙone sauran lokacin sharar gona, me aka bar wa ƙasa? Shi ya sa kake ganin ganyen masara yana yin rawaya tun daga ƙasa, ƙuduji yana mamaye dawa, gonar da mahaifinka ya cika rumbu da ita yau ba ta ciyar da gida.

Wasu za su ce maganin abin shi ne a wadata manomi da takin zamani. Gaskiya ne muna bukatarsa. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun amince a ɗaga yawan takin da ake sa wa hekta daga kilo 8 zuwa kilo 50, kuma a 2022 an buɗe babban kamfanin yuriya na Dangote a Lekki, cikin jihar Legas ɗin. Amma ra'ayina shi ne takin zamani shi kaɗai ba ya raya gona. A cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, an kafa wani gwaji tun 1950 inda aka riƙa kwatanta filayen da ake sa wa takin zamani zalla da waɗanda ake haɗa musu da kashin shanu. Bayan shekaru, filayen da aka yi ta zuba wa naitirojin zalla sun yi tsami, amfaninsu ya ja baya, waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa suka riƙe ƙarfinsu. Dalili shi ne ruɓaɓɓen taki ne yake riƙe danshi, yake hana ruwan sama wanke sinadarai, yake kuma ciyar da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. Taron Nairobi na 2024 ma a kan taki da lafiyar ƙasa tare aka yi shi.

Iyayenmu na karkarar Kano sun san wannan. Jakin da ya shiga birni da itace ba ya komawa ƙauye sai da mangalar taki da toka, kuma da haka suka noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da hutu ba. Yau motar da ta kai kaya Iddo ba ta komowa da taki, don haka dole mu cike gurbin a gida.

Na san taki ya yi tsada, kuma kara abincin dabbobi ne, da shi ake danga, da shi ake girki. To, a yi abin da za a iya:

1. A daina ƙone ragowar amfanin gona. Abin da dabbobi suka ci, a mayar da kashinsu gona.

2. A tara kashin dabbobi da sharar gida da toka a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har su ruɓe. Idan bai ishi gona duka ba, a sa wa ɓangare ɗaya bana, ɗaya baɗi.

3. A riƙa sauya shuka. Inda aka noma masara bana, a sa waken soya ko gyaɗa ko wake baɗi, domin saiwoyinsu na tara naitirojin daga iska.

4. A bunne takin zamani kusa da gindin shuka, kada a watsa shi a sama. Ga masara, shawarar da aka saba bayarwa ita ce buhu 8 na kamfa 15-15-15 a hekta cikin mako biyu da shuka, sai buhu biyu da rabi na yuriya a mako na biyar zuwa na shida. Inda hali ya yi, a gwada ƙasa tukuna.

5. A bar gawo ya tsaya a gona, kamar yadda manoman Maraɗi suka farfaɗo da filayensu ta hanyar renon itatuwan da suka tsiro da kansu.

'Yan'uwanmu masu lambun latas da alayyafo da albasa a Legas kuwa, ku ne takin ya iske har gida. Ruwan saman can yana da yawa, yana saurin wanke yuriya, don haka ku riƙa sa ta kaɗan-kaɗan. Kashin kaji da na shanu kuma kada ku zuba shi ɗanye, domin yana ƙona shuka, yana kuma iya sa wa mai cin ganyen cuta.

Malamin gona, idan manomi ya tambaye ka buhu nawa zai sa, ka fara tambayarsa abin da ya mayar wa gonar bara. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah ya ba mu damina mai albarka.