Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimi: A Cire Kwaɗon Nan

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Takaici ne ya sa na ɗauki alƙalami, don haka ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Laburaren garinmu a kulle yake. Kwaɗon ƙofarsa har ya yi tsatsa, alhali kowace shekara muna jin ana karanto kason ilimi a kasafin kuɗi.

In ka leƙa ta tagar da gilashinta ya fashe, za ka ga abin da damina ta yi. Rufin yana yoyo, littattafan sun kumbura sun manne da juna, gara ta ja hanyarta tun daga ƙasa har kantar sama. Ga Magana Jari Ce yashe a ƙasa, bango ya rabu, kashin ɓera a kai.

Mahaifina bai da kuɗin saya mini littafi. Katin aro na ɗakin nan shi ne gatana. Da shi na kai Ruwan Bagaja gida, na yi ta dariyar Malam Zurƙe a gindin aci-balbal har Inna ta hure wutar. Da shi na bi mahaifiyar Shaihu Umar cikin hamada tana neman ɗanta, na yi kuka ba wanda ya dake ni. Duk abin da na zama, bayan ikon Allah, daga nan ne. Yau na yi furfura, har yanzu ba na iya barci sai na buɗe shafi. To ɗan talakan da aka haifa bana fa, wa zai ara masa?

Kai mai ilimi ne, Ranka ya daɗe, ba a raina karatunka. Ka fi ni sanin gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta fito da Abubakar Imam da Bello Kagara da wani malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Marubucin littafi ne ya zama Firayim Ministan ƙasar nan! Ka san Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 don talaka ya samu abin karantawa. Masu mulkin mallaka, duk da zaluncinsu, sun buga mana littattafai. Ku da muka zaɓa, kwaɗo kuka sa mana.

Kada a ce yaran yanzu ba sa karatu. Matanmu da 'yan matanmu suna biyan kuɗinsu su karanta labarai a WhatsApp da Wattpad. Tun 2016 mata ke tururuwar shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa. Masu karatu suna nan, ƙofar ce a kulle.

Akwai azuzuwan da ba kujeru, da ƙarancin malaman Hausa, da tsadar takardar ɗab'i. Na bar su sai wani jiƙon.

Don girman Allah, ka zo da ƙafarka ka gani, kada ka aiko wakili. A gyara rufin kafin ruwan farko, a dawo da ma'aikaci, a sayi littattafan marubutanmu masu rai. Kuma mun ji raɗe-raɗin za a yanka filin a yi shaguna. In haka ne, ka sani mu da muka yi karatu a ɗakin nan muna da yawa, mun iya rubutu, kuma katin zaɓenmu na aljihu.

Naka,
Wani tsohon mai riƙe da katin aro